Tsakanin Ƙanƙara da Tanderu: Tarihin Memorin Mota

A shekarar 1976 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da wasu manyan motocinsa ɗauke da akwatin lantarki mai yanke lokacin da filogi zai ba da wuta. Sunan tsarin Lean Burn. Injiniyoyin suka ɗaure akwatin a jikin gidan matatar iska, a bisa kan injin, da tunanin iskar da injin ke zuƙa za ta riƙa sanyaya shi. Muddin mota na tafiya, dabarar na aiki. Amma da direba ya tsaya ya kashe mota, iska ta ɗauke, sai zafin injin ya taso ya lulluɓe akwatin, ga kuma jijjiga a kowace tafiya. Ba a daɗe ba tsarin ya yi ƙaurin suna a garejoji, har makanikai da dama suka riƙa cire shi suna mayar da mota kan tsohon tsari.

Wannan akwati na farko bai ma da memori irin wanda aka sani yau. Amma ya nuna wa masu ƙera mota irin gidan da za su sauki kwamfuta a cikinsa, a daidai lokacin da ba su da wani zaɓi sai saukar ta.

Doka ce ta tilasta musu. A 1970 majalisar Amurka ta zartar da dokar tsabtace iska, wadda ta nemi a rage gubar hayaƙin mota da kashi 90 cikin ɗari. A 1973 takunkumin man ƙasashen Larabawa ya sa fetur ya yi tsada da wuya. Daga 1975 aka fara sa matatar hayaƙi a jikin salansa, kuma irinta mafi inganci da ta biyo baya ba ta aiki sosai sai an haɗa iska da fetur daidai wa daida, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai. Kafireto, da duk 'yan allurorinsa da sukurorinsa, ba zai iya riƙe wannan ma'auni a kowane gudu da kowane yanayi ba. Mafita ita ce injiniyoyi su ɗora inji a ɗakin gwaji, su auna yawan mai da lokacin wuta da suka fi dacewa da kowane gudu da kowane nauyi, su shirya sakamakon a jadawali, kwamfuta ta riƙa dubawa sau da yawa cikin kowane daƙiƙa. To, jadawalin nan dole ya sami mazauni, kuma mazaunin da ba zai goge ba ko an cire batir, ko mota ta kwana a ƙanƙara, ko ta wuni a rana. Daga nan memori ya shiga mota.

Abin ya zo da sauri. General Motors ya sa ƙaramar kwamfuta a Oldsmobile Toronado ta 1977, Ford ya biyo baya a 1978 da aisi, wato ɗan guntun silikon mai ɗauke da da'irar lantarki, wanda Toshiba ya ƙera masa, Bosch na Jamus ya fito da Motronic a BMW 732i a 1979, yana sarrafa mai da wuta daga akwati ɗaya. Zuwa 1981 kusan duk ƙananan motocin fetur da General Motors ke sayarwa a Amurka suna da kwamfuta, wadda reshensa Delco ke haɗawa a Kokomo ta jihar Indiyana. Memorin waɗannan akwatuna 'yan kilobayit ne kawai, bai kai ya ɗauki hoton waya ko ɗaya ba. Yawancin kamfanoni kuma sun guje wa kan inji: suka ɓoye akwatin a cikin ɗakin mota, ƙarƙashin dashbod ko gefen ƙafar fasinja, suka ja damin wayoyi zuwa inji. Dabarar farko ta jure zafi ke nan, a gudu a bar masa wurin.

Yadda zafi ke sa mantuwa

Don a gane abin da ake tsoro, sai an leƙa cikin aisin. A 1967 Dawon Kahng da Simon Sze na ɗakin binciken Bell suka bayyana wata dabara: a binne ɗan tsibirin silikon a cikin taransista, a kewaye shi ta ko'ina da siririn bango mai hana lantarki wucewa. Idan aka tura ƙwayoyin lantarki cikin tsibirin da ƙarfi, sai su maƙale. Tsibiri mai kaya da tsibiri wofi, su ne sifiri da ɗaya na kwamfuta. Dov Frohman na Intel ya mayar da irin wannan dabara haja a 1971 da EPROM, wanda samfurinsa na farko ke ɗaukar bayit 256, yana da 'yar taga a bayansa da ake haska hasken UV ta cikinta idan za a goge shi. Irinsa da danginsa ne suka riƙe jadawalin motocin shekarun 1980. A motocin General Motors ana iya zare shi da hannu, dila ya sa wani idan kamfani ya gyara lissafi.

Sai dai bangon nan bai toshe ɗari bisa ɗari ba. Kamar randar ƙasa yake: a ido ba ta huje ba, amma ruwa na tsattsafowa ta jikinta, kuma ranar da aka fi zafi ruwan ya fi saurin raguwa. Zafi na ba ƙwayoyin lantarki kuzarin tsallake bango. Idan da yawa suka zurare, tsibiri mai kaya zai koma kamar wofi, lamba ɗaya ta sauya a jadawali, kuma kwamfuta ba ta da hanyar sanin ƙarya take karantawa sai in an tanadar mata abin tantancewa.

Saurin wannan zurarewa yana bin lissafin da masanin Suwidin Svante Arrhenius ya fitar tun 1889. Injiniyoyi kan taƙaita shi da cewa ƙarin digiri 10 kan ninka saurin lalacewa kusan sau biyu. Ƙiyasi ne, ba ya zama daidai a kowane aisi, amma yana nuna girman matsalar: daga digiri 25 na ɗaki zuwa 125 na ƙarƙashin bonet ninki goma ne a jere, wato wajen sau dubu. Lissafin da ya kawo tsoron kuma shi ya ba da hanyar gwaji. Ba wanda zai jira shekara ashirin ya ga ko memori zai manta. Sai a rubuta masa bayani, a sa shi a tanderu mai digiri 150 ko fiye na tsawon makonni, a fito da shi a karanta, a lissafa shekarun da hakan ya yi daidai da su. Duk alkawarin da kamfani ya yi cewa memorinsa zai riƙe bayani shekara 20, daga tanderu ya samo shi.

A ƙarshen shekarun 1970 aka samu EEPROM, wanda lantarki ke gogewa ba tare da an ciro shi ba. Shi ya ba mota damar rubuta abin da ya faru da ita: kilomitar da ta ci, lambobin matsala, daga baya har shaidar makullin da ta yarda da shi. Wani ɗan aisi mai ƙafa takwas, 93C46, bayit 128 kacal yake ɗauka, amma shi da 'yan uwansa sun riƙe lissafin nisan miliyoyin motoci. Sannan Fujio Masuoka na Toshiba ya gabatar da filash a 1984, Intel ya kai shi kasuwa a 1988, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 dila na iya sauya manhajar mota ta soket, ba tare da ya kwance ko sukuru ɗaya ba. Kowane sauƙi ya zo da farashinsa. Duk rubutu da gogewa na huda bangon nan kaɗan-kaɗan, kuma bangon da ya sha rubutu ya fi saurin yoyo idan zafi ya zo.

A daidai wannan lokaci kuma akwatin ya fara barin inuwa. Damin wayoyi ya yi nauyi da tsada, kowane mahaɗi kuma wurin lalacewa ne, don haka aka mayar da kwamfuta ƙarƙashin bonet, wasu ma a jikin injin. Giyabos ɗin ZF mai giya shida da ya fito a BMW 7 ta 2001, da DSG na Volkswagen a 2003, sun kai abin ƙarshe: kwamfutar na zaune a cikin giyabos ɗin, tare da mai mai zafi.

Hirar 1992

A shekarun farko kowane kamfanin mota na da nasa jerin gwaje-gwaje, kuma masu ƙera aisi na bi, don masu mota manyan abokan ciniki ne. Da kasuwar kwamfutar tebur da kayan lantarki na gida ta bunƙasa, sai kallo ya koma sama. Mai ƙera memori da ke sayar da miliyoyi ga masu kwamfuta ba ya son ɓata watanni yana yi wa Ford gwaji iri ɗaya, Chrysler wani iri, Delco wani, a kan aisi guda.

A bazarar 1992, a wajen wani taron JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin aisi, Gerald Servais na Delco da Jerry Jennings na Chrysler suka tattauna wannan damuwa. Aka jawo Ford ciki. Abokan gaba uku a kasuwa suka yarda su haɗa jarrabawa ɗaya, suka kafa majalisar kayan lantarkin mota, AEC, kuma a 1994 suka fitar da takardar da yau ake kira AEC-Q100. Ba doka ba ce, ba gwamnati ta rubuta ta ba, amma yanzu da wuya a sayi aisin mota a Jamus, Japan, Koriya ko Sin ba a tambayi ko ya ci ta ba.

Takardar ta kasa kaya aji-aji gwargwadon inda za su zauna. Dukkansu daga digiri 40 ƙasa da sifiri suke farawa, wurin da ma'aunin Salshiyos da na Faranhait suka haɗu a lamba ɗaya. A sama ne suka bambanta: aji na 3 zuwa digiri 85, aji na 2 zuwa 105, aji na 1 zuwa 125, aji na 0, na jikin inji da cikin giyabos, zuwa 150. Kayan kwamfutar ofis na yau da kullum daga sifiri zuwa 70 ake ƙera su. A ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen, ana ɗebo aisi 77 daga kowane rukunin ƙira, rukuni uku, 231 ke nan, a kunna su a tanderu awa 1,000, kusan mako shida. Ɗaya ya mutu, an faɗi. Memori yana da ƙarin nasa: a yi ta rubuta shi ana gogewa har iyakar da aka yi alkawari, sannan a gasa shi, sannan a karanta. Wannan jeri shi ne hikimar gwajin, don sabon memori ba ya ba da labarin abin da tsohonsa zai yi.

Akwai abin da ya kamata mai saye ya sani: majalisar ba ta ba kowa takardar shaida. Mai ƙera aisin ne ke yin gwajin, ya ce ya ci, mai ƙera mota ya nemi sakamakon ya duba. Tsarin ya yi aiki tsawon shekaru ne saboda masu sayen suna da injiniyoyin da ke iya kama ƙarya.

Mantuwa ba ita kaɗai ce cutar ba. Silikon da farantin da aka liƙa shi a kai ba sa buɗewa daidai idan sun yi zafi. Farantin ya ninka shi buɗewa sau biyar ko fiye. Kowace tayar da mota da kashe ta na jan dalmar da ta haɗa su, yau da gobe ta tsage. Siraran wayoyin zinare da ke cikin aisin kan ci juna da alminiyon da aka manna su a kai idan zafi ya daɗe. Sanyi ma da nasa sharrin. Da asubar hunturu, sa'ad da ake ƙoƙarin tayar da inji, ƙarfin batir mai bolt 12 kan faɗi zuwa rabi, kuma memorin da wuta ta yanke masa yana tsakiyar rubutu zai iya barin rabin tsohon bayani da rabin sabo. Shi ya sa bayan ɗakin gwaji ake kai motocin kansu daskararrun tafkunan Arjeplog a arewacin Suwidin, da Kwarin Mutuwa na Kaliforniya, inda aka auna digiri 56.7 a 1913.

Da sikirin ya shigo

Har zuwa farkon wannan ƙarni memorin mota ƙarami ne, kuma ƙanƙantarsa ta taimake shi: tsibirai manya, bango mai kauri, bit ɗaya a kowane gurbi. Taswirar hanya, kyamarori da manyan sikirin suka sauya lissafin. Gigabayit ake nema yanzu, kuma ba inda ake samunsa da araha sai wajen masu ƙera memorin waya. Filash irin NAND, wanda Masuoka ya gabatar a 1987, yana samun yawansa ne ta cusa bit biyu ko uku a gurbi ɗaya. Bit uku na nufin a rarrabe matakai takwas na cika a wuri guda, don haka ɗan yoyo kaɗan ya isa ya mayar da mataki na biyar na huɗu. Ga wata matsala da mota ta fi kowa fama da ita: bayanin da aka rubuta da asuba cikin sanyi, idan aka zo karanta shi da azahar cikin zafi, ma'aunin ya riga ya gusa. Ƙa'idar JEDEC ga ma'adanar kwamfutar gida da ta cinye kasonta na rubutu ita ce ta riƙe bayani shekara ɗaya a digiri 30. Mota ana tsara ta ne don shekara 15.

DRAM, memorin aiki da Robert Dennard na IBM ya ƙirƙiro a 1966, ya fi haka gajen haƙuri. Cikin ƙiftawar ido yake mantuwa, don haka ake sabunta kowane gurbi duk bayan kashi 64 cikin dubu na daƙiƙa. Da zafi ya wuce digiri 85 sai a ninka sabuntawar, ya ƙara hawa a sake ninkawa, sabuntawar kuma na cin wuta tana ƙara zafi. Na zamani suna da ma'aunin zafi a cikinsu da ke sanar da kwamfuta. A ɓangaren filash ma, ƙa'idar UFS 3.0 ta 2018 ta shigo da abubuwa biyu musamman don mota: aiki daga 40 ƙasa da sifiri zuwa 105, da umarnin sake rubuta tsohon bayani kafin ya dushe.

Abin da ya sami Tesla ya nuna inda haɗarin yake. Motocin Model S na 2012 zuwa 2018 da Model X na 2016 zuwa 2018 suna da memorin filash mai gigabayit 8 a bayan babban sikirinsu, kuma manhajar motar na yawan rubutu a kansa. Kowane gurbi na jure wajen rubutu 3,000. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta lissafa cewa zai ƙare cikin shekara biyar zuwa shida. Idan ya ƙare sikirin ya mutu, tare da kyamarar baya, da maɓallin share raɓar gilashi, da ƙarar sigina. A Fabrairun 2021 kamfanin ya amince ya kira motoci kusan 135,000 ya sa musu mai gigabayit 64, ko da yake ya kafe cewa irin wannan kaya abu ne mai ƙarewa da ba a tsammanin ya kai ƙarshen rayuwar mota. Yawan rubutu ne ya kashe memorin, ba zafi kai tsaye ba, amma bango ɗaya suke ci su biyun.

Hujjar kamfanin ba ta karɓuwa. A 2021 matsakaicin shekarun motar da ke kan titin Amurka ya kai 12. Taya da birki abubuwa ne masu ƙarewa, mai mota na ganinsu, kowane bakanike na iya sauya su. Aisin da aka liƙa da dalma a bayan sikirin ba ya ba da alama, kuma mai mota na uku ko na huɗu ne zai gaji mutuwarsa.

Sau da yawa wannan mai mota na huɗu yana Najeriya ko Nijar ne. Motar da ta gama shekara goma ko sha biyar a Turai ko Amurka, ta sauka a Kwatano ko Legas, ta hau zuwa Kano, Sakkwato, Maiduguri, Damagaram ko Agadas, tana fara rayuwa ta biyu ne bayan ta cinye yawancin shekarun da aka lissafa mata, a garuruwan da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, dashbod ɗin motar da aka ajiye a rana kuma ya wuce 70. Abin da ake gani a garejoji shaida ce ga tsofaffin injiniyoyin. Idan ƙwaƙwalwar mota ta ƙone aka sayo wata a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, ɗan rewaya kan ciro ɗan aisin nan mai ƙafa takwas daga tsohuwar ya dasa a sabuwar, ko ya kwafe abin da ke cikinsa, don mota ta gane makullinta. Akwati ya mutu, amma 'yan bayit ɗin da aka rubuta shekara ashirin baya suna nan daram. Ko memorin sikirin na motocin yau zai iso nan da irin wannan lafiya, wannan ita ce tambayar da ya kamata dillalan mota su fara yi.

Memorin da ba ya tara lantarki

Filash ɗin da ake ginawa a cikin aisin sarrafa inji ya kai bango a wajen nanomita 28. Ƙasa da haka yana da wuya da tsada. Don haka kamfanoni suka koma ga dabarun da ba su dogara da tsare ƙwayoyin lantarki ba. MRAM da maganaɗisu yake riƙe bayani. Freescale ya fara sayar da shi a 2006, a 2023 kuma NXP da TSMC na Taiwan suka sanar da shigar da shi aisin mota mai nanomita 16. FRAM na rubutu nan take da wuta kaɗan, shi ya sa ake son sa a na'urorin da dole su adana abin da ya faru a daƙiƙun hatsari kafin wuta ta yanke. Infineon na Jamus ya zaɓi RRAM, mai sauya yadda lantarki ke ratsa wani siririn abu.

Mafi ban mamaki shi ne zaɓin STMicroelectronics. Tun shekarun 1960 Stanford Ovshinsky, a kusa da Detroit, ya nuna cewa wasu sinadarai na sauya siffa idan aka ɗumama su: a narkar a sanyaya da sauri su daskare a hargitse, a ɗumama a hankali su jeru. Siffa biyu, sifiri da ɗaya. Memori ne da zafi ke rubutawa, kuma nan matsalarsa take, don haɗin da aka saba amfani da shi na jamaniyom, antimoni da teluriyom yana fara jeruwa da kansa a wajen digiri 150, daidai iyakar aji na 0, kuma tanderun da ake liƙa aisi a faranti ya kai 260. Injiniyoyin kamfanin suka ƙara yawan jamaniyom har iyakar ta ɗaga, kuma a ƙarshen 2018 suka gabatar da shi don aisin mota na jerin Stellar, mai aiki har zafin cikinsa ya kai digiri 165.

Waɗannan sababbin za su tarar da aiki mafi nauyi fiye da na magabatansu. Kamfanonin Jamus sun daɗe suna lissafa wa kayan lantarkin mota shekara 15, kilomita 300,000 da awa 8,000 na aiki, don motar fetur yawancin rayuwarta a kashe take. Shekara 15 kuwa awa 131,400 ce. Motar lantarki tana caji da dare, tana lura da zafin batirinta a ajiye, tana karɓar sabuwar manhaja ta iska, don haka wasu kwamfutocinta za su yi aiki a babban kaso na waɗannan awanni. Gwajin awa 1,000 da aka tsara a 1994 bai hango wannan ba, shi ya sa masu ƙera mota yanzu kan miƙa wa mai aisi cikakken lissafin awannin da kayansa zai yi a kowane mataki na zafi, su nemi a tsawaita gwajin ya yi daidai da shi.